Da gaske ɗaliban ƙasar Sin suna kaiwa goma na dare a aji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya. Na ga bidiyon wasu ɗaliban ƙasar Sin suna zaune a aji da ƙarfe goma na dare. Haka abin yake, ko ƙarin gishiri ne? In gaskiya ne, me ya sa su wannan wahala?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Babu ƙarin gishiri, sai dai ba duk yaran ƙasar ne haka ba. Waɗanda ka gani 'yan babbar sakandare ne, kuma abin da ya hana su barci wata jarrabawa ce da ake kira gaokao, ta shiga jami'a.

Tun 1986 doka ta tilasta karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Daga nan sai jarrabawar zhongkao, wadda ke raba yara gida biyu: masu maki su wuce babbar sakandare, sauran su nufi makarantun koyon sana'a, abin da iyaye da yawa ke ɗauka a matsayin faɗuwa. Waɗanda suka tsallake kuwa, shekara ukun da ke gabansu duk shirin gaokao ne.

Ana fara ta ranar 7 ga Yuni. A yawancin larduna makin duka 750 ne, kuma Sinanci da lissafi da harshen waje, galibi Turanci, kowanne na da 150. A 2024 sama da mutum miliyan 13 suka yi rajista. Ka ɗauke ta kamar JAMB ɗinmu, amma ba WAEC a gefe, ba wata jarrabawar da jami'a za ta sake yi maka. Ga mafi yawan ɗalibai, makin nan kaɗai ke yanke jami'ar da za su shiga. An dakatar da ita lokacin Juyin Al'adu, wato hargitsin siyasar da shugaba Mao Zedong ya ƙaddamar a 1966, aka dawo da ita a 1977 bisa jagorancin Deng Xiaoping, ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙasar, kuma har yau talaka na ganin ita ce ƙofar da kuɗi ba sa buɗewa cikin sauƙi.

Ga yadda yini yake a makarantar kwana. Wajen shida na safe an tashi, an yi gudu a jere, an shiga aji ana karanta darasi da babbar murya. Tsakanin darussa lasifika kan saki kiɗa, kowa ya rufe ido yana murza gefen idanunsa da yatsu. Wannan tausar ido tana cikin jadawali, don matsalar kasa ganin abin da ke nesa ta yi yawa, kusan takwas cikin goma na 'yan babbar sakandare na fama da ita. Bayan abincin rana akwai ɗan barci, wani a ɗakin kwana, wani ya kifa kai kan tebur bayan tulin littattafai. Da an ci na dare sai a koma aji bita har wajen goma, ga allo a bango yana ƙirga kwanakin da suka rage. Makarantar Hengshui da ke lardin Hebei ita ta fi yin suna a wannan tsanani.

Ranar jarrabawa ana tsayar da aikin gini kusa da cibiyoyi, a hana direbobi danna oda, 'yan sanda har kan ɗauko wanda ya makara a babur. Tun 2015 mai shirya satar amsa na iya shan ɗaurin shekara bakwai.

Amma Malam, kada bidiyo ya sa ka ɗauka kowa daidai yake. Ɗalibi kan rubuta jarrabawar ne a lardin da rajistar gidansu take, wato hukou, kuma jami'o'i na raba gurabe lardi-lardi. Henan na da masu zana ta sama da miliyan ɗaya, Beijing dubbai goma-goma kawai, ga kuma jami'o'in Tsinghua da Peking a ƙofar gidansu. Ɗan Henan zai iya fin ɗan Beijing ƙwazo, ya rasa gurbin da wancan ya samu. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni. Ko sakamakon PISA (gwajin da ke kwatanta ɗaliban ƙasashen duniya) na 2018 da ake ta yabo, daga Beijing da Shanghai da Jiangsu da Zhejiang kaɗai aka ɗauko shi, wuraren masu hali.

Gwamnati ma ta san nauyin ya yi yawa. A Yulin 2021 ta rage aikin gida a firamare da ƙaramar sakandare, ta hana kamfanoni cin riba da lesin na manyan darussa. Kamfanoni da dama sun rufe, amma tunda jarrabawar na nan daram, iyaye masu kuɗi suka koma ɗaukar malami a ɓoye, farashin kuma ya hau.