Yaya, ba shiru muke yi ba in an taɓa addini a Ingila

Yaya, ka tambaye ni wai me yasa in an zagi Musulunci a nan Ingila baka jin mun fito, ba zanga-zanga ba komai, har kace ko dai zaman Turai ne ya sanyaya mana jini. Maganar ta ɗan sosa min rai gaskiya, amma na san kishi ne yasa ka faɗa, kuma ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka a tsanake.

Zafin da kake ji in an taɓa Manzon Allah (SAW) wallahi shi muke ji, mu a gabanmu ma ake yi, a jaridar da aka ajiye kan tebur a wurin aiki, a rediyo, wani lokacin daga bakin abokin aikin da kullum kuke gaisawa. Amma ka duba inda muke. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin ɗari kenan, kuma mu Hausawa 'yan kaɗan ne a ciki, yawanci 'yan asalin Pakistan ne da Bangladesh, ga Somaliyawa da Larabawa da Turkawa, to in nace "mu" duk da su nake nufi tunda sahu ɗaya muke tsayawa. Sannan ƙasar nan babu dokar hana ɓatanci. Da can akwai, amma Kiristanci kawai take karewa, lokacin rikicin littafin Salman Rushdie wasu Musulmi sun kai ƙara, a 1990 kotu tace dokar bata shafi Musulunci ba, a 2008 kuma aka soke ta baki ɗaya. Wadda ake da ita ta 2006 ce, ta hana mutum yin barazana da niyyar tunzura jama'a su tsani wasu saboda addininsu, amma a cikinta an rubuta ƙarara cewa sukar addini ko yi masa ba'a ko ma zaginsa ba laifi bane. Kaga in wani ya fizge min hijabi ko ya yi min barazana zan kira 'yan sanda kuma za a kama shi, amma in ya tsaya a bakin titi yana zagin Alƙur'ani ɗan sanda sai dai ya tsaya a tsakaninmu.

Fitowa titi kuma ai an gwada, Yaya. A Janairun 1989 mutane suka taru a Bradford suka ƙona littafin nan a bainar jama'a, bayan sun daɗe suna rubuta takardun koke ba wanda ya kula su. Ranar ce 'yan jarida suka zo, kuma hoton wutar nan shi ya zama fuskar Musulmin Ingila shekara da shekaru, wata ɗaya bayan nan Khomeini na Iran ya bada fatawar a kashe Rushdie, littafin da da 'yan boko kaɗan ne zasu karanta ya koma ana rububinsa. Haka a Fabrairun 2006 lokacin zanen ɓatancin jaridar Denmark, wasu tsiraru suka je ofishin jakadancin Denmark a Landan da kwalaye ɗauke da kiran a kashe, aka ɗaure wasunsu, har gobe hotunansu ake fito da su in ana so a nuna wai haka muke, alhali dubban da suka taru a dandalin Trafalgar bayan 'yan kwanaki suka yi taronsu lafiya suka watse ba mai tunawa da su. Kai ma ka san a watan nan an rasa rayuka a Maiduguri kan wannan zanen, mutanen da basu san inda Denmark take ba, shi kuwa mai zanen yana gidansa.

To daga irin waɗannan ne dattawan masallatai suka fara cewa a daina yi wa kowace suka amsa iri ɗaya, a fara duba waye mai maganar kuma me yake nema.

Mafi yawan waɗanda nake haɗuwa da su basu san komai bane kawai. Ranar buɗe masallaci da ake yi duk shekara, wadda Majalisar Musulmin Birtaniya ta fara a 2015, wata tsohuwa Baturiya ta shigo ɓangarenmu na mata, ta cire takalmi ta riƙe a hannu kamar mai tsoron kar ta yi laifi, ta zauna kusa da ni ta daɗe tana kallon masu sallar la'asar, can ta sunkuyo tace min a hankali, dan Allah kar ki ji haushi, mijinki ne ya tilasta miki rufe kai? Nace mata a'a, tun kafin in san shi nake sawa, kuma ni na zaɓa. Sai ta shiga tambaya, auren dole, rabon gado, me yasa mata suke baya, duk abun da ta tara daga talabijin ta juye min. Wasu na amsa, na gado kuwa na kira wata malama da ta fi ni sani ta zauna ta yi mata bayanin wa ke da nauyin ciyarwa a gida da yadda rabon ke tafiya da wannan nauyin. Bata musulunta ba, ban ma sa ran haka ba, amma ta dawo shekarar da ta biyo da jikarta. Irin wannan matar in na ɗaga mata murya ai na zalunce ta.

Wanda ya ƙirƙiri ƙarya ya buga a jarida kuwa daban ne, shi kam ba a ƙyale shi. A Nuwamban 2015, kwanaki kaɗan bayan harin Paris, jaridar The Sun ta buga a shafin farko cewa ɗaya cikin biyar na Musulmin ƙasar nan yana tausaya wa masu iƙirarin jihadi. Mutane suka nemo ainihin tambayar da aka yi a binciken, sai aka ga ba haka aka tambaya ba sam, maganar matasan da suke tafiya Siriya yaƙi aka yi ba tare da an ce wane ɓangare ba. Koke sama da 3,000 aka aika wa IPSO, hukumar da ke sa ido kan jaridu, a Maris na 2016 ta yanke cewa kanun labarin yaudara ce babba, dole jaridar ta buga hukuncin. Na san zaka ce me wannan ya rage, tunda wanda ya ga shafin farko ba lallai ya ga gyaran ba, kuma kana da gaskiya, ni ma abun yana ci min rai. Amma tun daga nan aka samu masu bin jaridu layi-layi, har Majalisar Musulmin ta buɗe sashe na musamman don wannan aikin, edita ya san in ya yi ƙarya akwai mai jiransa da hujja. A zaurenmu na WhatsApp na mata in abu ya fito ba a fara da kuka da tsinuwa, wata ce zata turo inda ake shigar da koke, wata lauya a cikinmu ta rubuta yadda za a tsara maganar, ace kowa ya sa da kalmominsa kar a kwafi na juna, a rubuta wa ɗan majalisar mazaɓa shi ma tunda yana buƙatar ƙuri'armu. Aiki ne mai cin rai, ba wanda zai ɗauke ka bidiyo kana yi, shi yasa ku a gida bakwa gani.

Sai masu neman tsokana, waɗanda zasu zo ƙofar masallaci da kyamara suna jiran wani yaro ya kai musu naushi. Su kam malamanmu ayar Suratun Nisa'i ta 140 suke ja mana, in kun ji ana izgili da ayoyin Allah kar ku zauna da su, da ta An'am 108 da ta hana mu zagin abun da wasu suke bauta wa don kar su rama kan Allah. Kuma Allah bai ɓoye mana ba, a Ali Imrana 186 ya ce zamu ji cutarwa mai yawa. A Mayun 2013 bayan wasu samari biyu sun kashe soja Lee Rigby a Woolwich, kuma su biyun 'yan asalin Najeriya ne haihuwar nan, ka san yadda muka ji a makon nan, wasu masu goyon bayan ƙungiyar EDL mai adawa da Musulunci suka nufi wani ƙaramin masallaci a York, mutanen masallacin suka fito musu da shayi suka ce ku shigo mu yi magana, ƙarshe har ƙwallo aka buga tare. A watan azumin 2017 wani ya tuƙo mota ya afka wa masu fitowa daga sallar dare a Finsbury Park, dattijo ɗaya Makram Ali ya rasu, jama'a suka cafke direban, liman Mohammed Mahmoud ya tsaya a kansa ya hana kowa taɓa shi har 'yan sanda suka iso, kotu ta yi wa direban ɗaurin rai da rai. Yaya ka faɗa min tsakani da Allah, wannan limamin tsoro ne yasa shi ko sanyin jini? Mutum ne da gawar ɗan uwansa ke kwance a gabansa ya riƙe zuciyarsa ya riƙe ta jama'a.

Ba wai kanmu a haɗe yake kan wannan ba fa. Samarinmu da aka haifa a nan da yawa sun gaji, suna cewa har yaushe zamu riƙa bada haƙuri kan laifin da bamu yi ba, duk wanda ya yi ta'addanci sai a zo a sa mana makirfo a baki ace ku yi Allah wadai. A 2024 da aka kashe yara mata uku a Southport aka yaɗa ƙaryar cewa wanda ya kashe su Musulmi ne ɗan neman mafaka, washegari aka far wa masallacin garin da duwatsu, makon nan mata da yawa bamu fita mu kaɗai ba. Ɗana yace min Mama kin ga amfanin shayin naku kenan. Nace masa ka kuma duba su waye suka fito da safe suka share titi suka gyara katangar masallacin, maƙwabta ne Turawa waɗanda suka san mutanen ciki. Bai gamsu duka ba, har yanzu muna wannan muhawarar a gida. Inda nake tare da su ɗari bisa ɗari shi ne haƙuri ba ya nufin rufe baki, ai Manzon Allah (SAW) da kansa yasa Hassanu ɗan Sabitu ya riƙa mayar wa mawaƙan Ƙuraishawa martani da waƙa, to mu ma muna buƙatar masu iya magana da rubutu da Turancin da zai shiga kunnen mutanen nan. Inda na rabu da wasu kuma shi ne irin abun da ya faru a Batley a 2021, malamin makaranta ya nuna zanen ɓatanci a aji, iyaye suna da haƙƙin su kai koke kuma ni ma da ɗana ne da na kai, amma da aka watsa sunansa har ya gudu ya ɓuya da iyalinsa, magana ta tashi daga kan abun da ya yi ta koma kan mu masu barazana ne.

Akwai kuma sukar da gaskiya ce, wannan ta fi kowacce ɗaci. Rahoton 2014 kan garin Rotherham ya ƙiyasta yara kusan 1,400 aka lalata tsakanin 1997 da 2013, yawancin waɗanda suka aikata 'yan asalin Pakistan ne. Maƙiya sun ɗauka suna cewa addinin ne ya koya musu, wannan ƙarya ce kuma muna faɗa, amma yaran nan an cuce su da gaske, duk wanda ya tsaya kan kare suna ya manta da su bai taimaki Musulunci ba. Masallatai da yawa sun yi huɗuba a kai, kuma ya kamata a ci gaba da yi ko ba ɗan jarida a wurin.

Abu ɗaya nake roƙonka. Bidiyon nan da kake turo min na masu ƙona Alƙur'ani a Sweden ko masu zagi a titin Landan, dan Allah ka daina turawa gaba, ka faɗa wa su Kawu ma. Yawan kallo da yawan turawa shi ne ribarsu, wasunsu da shi suke tara kuɗi daga magoya baya, mutumin da ko maƙwabcinsa bai san sunansa ba sai mu da hannunmu mu kai shi wayar mutum miliyan. In ka ga wani abu ya tayar maka da hankali ka kira ni in faɗa maka abun da ake yi a kai a nan, sau da yawa kafin ya iso ku an riga an shigar da ƙara ko koke. Ka gaishe min da Inna da yaran duka.