Tambaya da Amsa: Wace risiba zan saya wa falona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da hom tiyata mai wufa ɗaya da ƙananan sifiku biyar, a kwalinta an rubuta wat 5000, amma da na ƙara murya sai dum dum kawai, muryar mawaƙin ta nutse. Yanzu ina so in koma risiba ta sitiriyo mai sifika biyu, in rinƙa jin waƙa daga Spotify da Boomplay, da karatu da safe, da kuma rediyo. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko min da ta hannu. Wat nawa zan ce ya nemo? Daga Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu je maganar wat, don Allah kira ƙanen nan naka yau ka ce ya ɗan dakata. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kuma yawancin risibobin (wato na'urar da ke haɗa amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da rediyo a akwati ɗaya) da ake sayarwa can ba su da maɓallin sauya wuta a baya, kana jonawa a soket ɗinmu za ka ji ƙaurin hayaƙi shi ke nan. Eh akwai taransifoma mai rage wuta, tana aiki, amma wata rana za a yi shara a cire waya, yaro ya zo ya mayar da ita kai tsaye a bango. Kayan Japan na hannu kuma nasu ya ninka, wutarsu bolt 100 ce, sannan FM ɗinsu a ƙasa yake, tsofaffin daga 76 zuwa 90 suke tsayawa, kaga Freedom da ke kan 99.5 ma ba za ka kama ba. In za a aiko maka, ta fito daga Ingila ko Turai ko Dubai, ko ka nema a nan Sabon Gari ko ka sa a duba maka a Alaba ta Legas. Ko'ina ne dai a juya bayanta a ɗauko maka hoton rubutun da ke kusa da wayar wuta, ka ga 220-240V da idonka.

Toh wat 5000 ɗin nan. Wannan lissafin PMPO ne, wato ƙololuwar ƙarfi na ƙiftawar ido, na talla, ba ya nuna komai. Juya bayan hom tiyatar taka ka duba wutar da take ja daga bango, zai wuya ta wuce wat 100, to ta ina za ta fitar da dubu biyar? Abin da za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da take iya fitarwa a kai a kai, a rubuce kamar haka: wat 60 kowane ɓangare (hagu da dama) a om 8, ɓangarorin biyu suna aiki tare. Falo irin namu mai kujeru da kafet da labule, wat 40 zuwa 80 na gaskiya ya ishe ka har maƙwabta su yi magana. Kuma kar a ruɗe ka da cewa mai wat 100 ta ninka mai 50 ƙara, ninka wat desibel 3 (dB, ma'aunin ƙarar sauti) kacal yake ƙarawa, ɗan ƙari ne da kunne zai ji amma ba wani abin a zo a gani ba, sai an ninka wat kusan sau goma kunne ke jin murya ta ninka.

Ni a wajena ma tambayar ta fara daga sifika. Ita ce ke yin sautin, kuma nan ya kamata fiye da rabin kuɗinka ya tafi. Na sha ganin mutum ya zuba kuɗi a risiba mai tsada ya jona mata sifikun tsohuwar rediyon kaset, sannan ya ce an cuce shi. Duba lamba biyu a bayan sifika. Ta farko om, wato ma'aunin yadda sifika ke tirje wa wuta, 8 ko 6 ko 4, in 4 ce ka tabbata risibar ta yarda da 4, in ba haka ba za ta yi ta zafi tana kashe kanta. Kuma in ka jona sifiku biyu masu om 8 a ɓangare ɗaya, wato ka kunna layukan sifika na A da B da ke jikin risiba tare, sun koma 4. Ta biyu ƙarfin jinta, wato yawan ƙarar da take bayarwa da wuta kaɗan, sifika mai 90dB rabin wutar mai 87dB take buƙata ta ba da murya iri ɗaya. In ka je gwaji tafi da abin da kunnenka ya sani, karatun da kake ji kullum da waƙa mai kalangu, ka saurara a murya ƙasa-ƙasa, domin mai shago zai so ya ƙure maka ita, kuma a ƙure komai daɗi yake yi na minti biyu.

Sai maganar turo waƙa daga waya. Bluetooth ya fi sauƙi amma yana matse sautin, kuma duk kiran da ya shigo ko saƙon WhatsApp sai falo gaba ɗaya ya ji. Mai Wi-Fi kuwa, da Spotify Connect risibar da kanta take jawo waƙar daga intanet, wayarka rimot ce kawai, kana iya fita da ita waƙa na ci gaba. Amma fa sai da rawuta ko MiFi a gidan, kuma ka yi lissafin data: 320kbps yana cin wajen MB 140 a awa, mai ingancin CD wanda ba a rage masa komai ba ya ninka haka fiye da sau biyu. Boomplay dai ta Bluetooth za ka fi tura shi.

In sunaye kake so: Sony STR-DH190 da Yamaha R-S202 su ne masu sauƙin kuɗi, ba su da Wi-Fi, amma duka biyun suna da Bluetooth. Yamaha R-N600A tana da Wi-Fi, Denon DRA-800H da Marantz NR1200 har da HDMI don talabijin. Ra'ayina dai, sayi amfilifaya mai kyau ko da ta hannu ce, ka haɗa mata ƙaramin akwatin jawo waƙa daga intanet, WiiM Mini ko WiiM Pro, ta wayar RCA mai kai ja da fari. Amfilifaya mai lafiya tana shekara ashirin tana aiki, manhaja kuwa kamfani na iya daina sabunta ta, in hakan ta faru ƙaramin akwatin kawai za ka canza.

Tambaya: Baban mu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana faya-fayan garmaho da kaset-kaset na waƙoƙin da, ina so yarana su ji su. Kowace risiba za ta yi? Wata uwa daga Damagaram.

Amsa: Amin Hajiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Kaset ba matsala, kowace risiba tana da ramukan ja da fari na RCA, a jona dek ɗin a nan. Faifai ne ke son ramin kansa mai suna PHONO, saboda sautin da allura ke fitarwa ƙanƙani ne sosai kuma sai an gyara shi, in aka sa a AUX za ki ji shi can ƙasa ba bes. Sony ɗin da na ambata tana da shi, R-S202 ba ta da shi. Akwai siririyar waya ta uku da ake ɗaurewa a wata 'yar ƙusa mai alamar GND, in an manta ta za ki ji gurnani. Sannan a sa sabuwar allura kafin a ɗora faifan Baba ko ɗaya, tsohuwa tana cinye layin faifai kuma ba ya dawowa. In akwai faya-fayan nan masu nauyi na 78, masu juyawa sau 78 a minti, su allurarsu daban ce kuma sai na'urar da ke da wannan gudun.

Tambaya: Gidana sola ce da inbata, wutar NEPA sai jefi-jefi. Risiba ba za ta shanye min batir ba? Daga Gombe.

Amsa: Ya danganta da irinta. Tsofaffin masu nauyi, ajin AB, suna jan wuta suna zafi ko murya na ƙasa. Ajin D irin WiiM Amp, mai wat 60 a om 8, wuta kaɗan take ci a sauraron yau da kullum kuma ba ta cika zafi ba, ita ta fi dacewa da kai. Ka tabbata inbatarka pure sine wave ce, wato mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA, ɗaya irin mai arha tana sa taransifomar risiba kuka har ka ji zzz a sifika. Ranar da NEPA ta kawo kuma kar ka jona kai tsaye, bi ta sitabilaiza mai jinkiri wadda ke ɗan jira kafin ta saki wuta, domin dawowar wuta da ƙarfi ita ta fi kai kayan sauti wajen mai gyara. Kar ka kulle ta a kabad, bar mata kamar tafin hannu a sama ta sha iska, da hunturu ka rufe ta da kyalle in an kashe saboda ƙura, amma a cire kyallen kafin a kunna.