Amsa: Auna raɗaɗin yaro mai ciwon daji da ba shi morfin

'Yar'uwa mai koyon jinya a Garwa, kin tambayi yadda ake gane raɗaɗin yaro mai ciwon daji, da ko morfin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, zai cutar da shi.

Yaron da bai kai shekara 4 ba jikinsa ake karantawa: fuska, ƙafafu, motsi, kuka, da ko rarrashi na kwantar da shi. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 10. Ki sa ido kan wanda ya duƙunƙune shiru, ya bar wasa, ba ya son a taɓa shi. Shi ake cewa "ya samu sauƙi", alhali yakan fi kowa shan wuya. Ki tambayi mahaifiyarsa.

Raɗaɗi kaɗan, farasitamol: miligiram 10 zuwa 15 kowane kilo, duk awa 6. Ki fara auna zafin jiki, don farasitamol yana ɓoye zazzaɓi ga mai karɓar kemo, wato maganin ciwon daji.

In ya tsananta, morfin ta baki, da rubutun likita: mai shekara 1 zuwa 12 ana fara masa da miligiram 0.2 kowane kilo duk awa 4, farko kada ya wuce miligiram 5. A kan lokaci, har da dare, ba sai ya yi kuka ba. Kodin kuwa, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawararsa ga yara.

Inda ake kuskure shi ne rikita miligiram da mililita, domin ƙarfin ruwan morfin ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Ku lissafa ku biyu, ke da wani ma'aikacin jinya. A haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko, don morfin na ɗaure ciki. In barci ya yi nauyi har tashinsa na wuya, numfashi ya ragu, ki dakatar da morfin, ki kira likita, naloksan, maganin da ke karya ƙarfin morfin, ya kasance kusa.