Birkin bakin bindiga: ka tambayi kunnena na hagu

Ka ce ka ga wannan ƙarfen mai huji-huji da ake ɗaura wa bakin bindiga, wato birki, a cikin durowa, ka duba a waya ka ga irinsa ya haura dala 200 a Amurka, alhali akwai na dala 40, shi ne kake tambaya ko mai tsadar ya ci kuɗinsa. To, zagayo ta damana tukuna. Shekara nawa kana shagon nan ba ka lura ta wane ɓangare ake yi mini magana ba?

Yadda yake aiki ba sai na ɓata yawu ba. Hayaƙin albarushi na biyo harsashi da ƙarfi, hujojin nan su karkatar da shi gefe, dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa ya ragu, bakinta ya rage ɗagawa. A bindiga irin .300 Winchester Magnum, inda harsashi yawanci bai wuce giram 12 ba amma albarushi ya kusa giram 5, za ka ji bambanci sosai. A .375 H&H, wadda tun 1912 ake kashe ɓauna da ita, harsashin ya fi nauyi, don haka ragin bai kai haka ba. Shi ke nan karatun. Mai dala 40 zai yi maka kusan abin da mai dala 200 zai yi. Rarar kuɗin na tafiya ne a kan titaniyom don rashin nauyi, da kyan gamawa, da noti na daidaita hujojin ba tare da an kawo wa maƙerin bindiga irina ba, sai kuma sunan kamfani. Ku yaran yanzu da kun ga abu na ƙyalli a bidiyo sai ku fara yi wa rogo kallon kitse.

Amma wannan da ke hannunka ba saye na yi ba. Da shi aka biya ni, in har biya ne.

Lokacin hunturu ne, tsakiyar Janairu, farauta ta buɗe a dazukan da ke kewaye da gandun Benuwai da Faro a arewacin Kamaru. Na rufe shago ke nan bayan la'asar sai ga motar wani sansanin mafarauta ta tsaya nan ƙofar, ta sha jar ƙura tun daga daji har Garwa. Direba ya miƙo mini doguwar jaka. Wai baƙonsu ne, Ba'amurke, ya biya maƙudan kuɗi don gwanki da ɓauna, an buga akwatin bindigarsa a jirgi, birkin ya karkace, tiredin bakin bututu, wato zaren da ake murɗa birkin a kai, ya murje. Kwana goma sha huɗu gare shi, biyu sun riga sun tafi. Mai sansani ya ce in faɗi kuɗina, ko nawa ne.

Kwana biyu ban kwanta a gida ba. Na yanke bakin bututun, na ɗora shi a injin, na yi ta daidaitawa da agogon awo har allura ta daina rawa. Ka sani, ramin cikin bututu ake bi, ba bayansa ba, don sau da yawa ramin ba ya tsakiya daidai. Wanda ya bi baya ya yanka tiredi, birki zai zauna kamar ya miƙe, harsashi kuma ya goge shi wajen fita. Wuta ta ɗauke sau uku, na sayi man janareta da kuɗina. Na yanka masa tiredi mai awon 5/8-24, irin nasu na inci, na gyara leɓen bututu har yana ɗaukar ido, na zura sandar gwaji ta wuce tsakiyar hujin ba ta taɓa ko'ina ba. Aikin da har gobe ban ji kunyarsa ba.

Da na san abin da zai biyo baya, da na ba direba na koma gida na yi barci. Amma girman kai ya sa na bi motar, wai in ga aikina a kan takarda. Aka kafa allo a mita 100. Bature ya zauna a teburin saiti, ni ina tsaye ta damansa, kafaɗata ta hagu daura da bakin bindiga, taku biyu tsakani. Ya yi wata magana, na ɗage murfin kunnena na hagu in ji me yake cewa. Bai ƙara cewa uffan ba, bai ɗaga hannu ba, ya danna kunama.

Ban ji ƙara ba, yaro. Ji na yi kamar an mare ni da faifan ƙarfe, ƙura ta cika mini baki, sai wani "wiii" da ya shigo kunnen. Yau ma yana nan, ya fi damuna bayan sallar isha'i idan gari ya yi tsit. Likita ya ce a ma'aunin ƙara, desibel 140 ya isa ya lalata ji da bugu ɗaya, irin wannan bindigar kuwa ta wuce 160 tun ba a sa mata komai ba. Birki kuma ya kwaso wannan ƙarar da ya kamata ta tafi gaba, ya watso wa na gefe. Mai harbi yana bayanta, kunnensa a toshe, kafaɗarsa lafiya. Baturen nan dariya ma ya yi, ya nuna mini huji uku da suka kusa haɗewa a takarda.

Kwana huɗu bayan haka ya harbi ɓauna a ciki, ta shige ciyawa da jini. Dokarsu kuwa, dabbar da ka ji wa rauni ka saye ta, ko an same ta ko ba a samu ba. Masu bin sawu suka yi yini biyu a bayanta a banza. Sai ya ce maƙeri ne ya ɓata masa bindiga. Maƙeri! Takardar huji ukun tana nan manne a sansani. Babban mai bin sawu ya gaya mini da bakinsa cewa mutumin runtse ido yake yi kafin ya harba, tsoron ƙarar birkin nasa yake ji, tunda a daji ba ya toshe kunne. Su kansu sun ce ba za su ƙara tsayawa kusa da shi ba sai an kwance abin. Aka kwance. Mai sansani ya ce baƙo ya ƙi biya, shi ma ya yi asara, in yi haƙuri. Ranar tafiyarsa Bature ya aiko direba da wannan ƙarfen a ambulan, wai ya fi kuɗin aikina daraja. Wa zan sayar wa a Garwa? Ko kuɗin man janareta ban gani ba.

In mutum ɗan gasa ne, yana harba harsashi hamsin ko ɗari a rana a filin harbi, kowa da murfin kunne, yana son ya ga inda harsashinsa ya sauka ta cikin madubi, to ya saya, ya sayi mai kyau ma in yana da hali. Mai ciwon kafaɗa shi ma ban hana shi ba. Amma mafarauci da zai yi harbi ɗaya ko biyu a yini, da mutane uku a gefensa suna kasa kunne don jin motsin ɓauna a ciyawa, roba mai taushi a gindin bindiga ta ishe shi, ko a ƙara mata nauyi kaɗan. In har yanzu tana kayar da shi, bindigar ce ta fi ƙarfinsa, ya nemi ƙarama.

Kuma kar in sake ganin ka ɗauki birkin inci kana murɗa shi da sifana a kan tiredin Turai na M15, kamar yadda na kama ka ranar Laraba. Abin da bai shiga da yatsu biyu ba, ba nasa ba ne. Mayar da wannan cikin durowa, can ƙasa inda ka same shi, ka ajiye wayar nan ka share ƙarƙashin injin kafin a kira magariba.