Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarin Ram a Kwamfutar Tebur

*Malam, ina da shagon buga takardu a Zariya. Kwamfutata Dell OptiPlex 7010 ce mai ram 4GB. Lokacin rajistar JAMB, da na buɗe Chrome da CorelDRAW tare sai ta sandare, layi kuma ya kai bakin titi. In ƙara mata ram ko in sake wata?*

Ƙara mata, Alhaji, injin nan yana da sauran ƙarfi. Amma kafin ka taɓa aljihu, jira lokacin da ta fara nauyin, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka duba Memory. In ka ga ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ya kusa cikewa, ka gano ciwon. A nan za ka ga gurbin sa ram nawa ke cike, nawa ke fayau. Wannan tsohon samfurin, ram irin na DDR3 yake ci. Nemi 4GB guda ɗaya irin wanda ke ciki, ko ka sayi 8GB guda biyu masu kama ɗaya ka huta, don ram biyu 'yan gida ɗaya sun fi saurin aiki tare. Ka kuma tabbatar Windows ɗinka mai 64-bit ce. Mai 32-bit ba ta ganin abin da ya haura 4GB, ko ka cika mata gurabe duka. In kuma har yanzu tsohon faifan ajiya mai juyawa ne a ciki, sa SSD, wato sabon faifan ajiya marar juyawa, ka ga yadda za ta riƙa tashi kafin ka gama shimfiɗa takardu.

*Abokina ya ce DDR5 ne na yayi. Zan iya sa shi a kwamfutata ta 2013?*

A'a. Kowane zamani na ram da inda aka yi masa giɓi a ƙasa, ba zai ma zauna a gurbin ba. In ka matsa da ƙarfi ka karya gurbin, abokin naka zai biya?

*Na sayi ram 16GB da araha sosai, da tambarin babban kamfani a jiki. Na sa, kwamfutar ta ƙi tashi. Mai shagon ya ce laifin injina ne, ba ya karɓar kayan da aka fita da su.*

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanena, ɗauko ram ɗin ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Za ka ga rubutu irin PC3-12800 da harafi a ƙarshe. In U ne, na kwamfutar tebur ne. In R ne, na manyan injinan ajiyar bayanai na kamfanoni ne, waɗanda ake kwancewa a Turai da Amurka a loda mana a kwantena. Tsawonsu ɗaya, giɓinsu ɗaya, ya shiga gurbi daram, amma kwamfutar gida ba ta tashi da shi. Shi ya sa yake da araha, kuma mai sayarwa ya san da haka, ko kuma bai san sana'arsa ba, ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

Wannan ma da sauƙi, aƙalla kayan na gaske ne, wurin zamansa ne ba naka ba. Akwai wanda ake ɓare masa takarda a manna sabuwa. Ni da kaina an taɓa miƙo mini guda a wani shago, takarda tana sheƙi ta ce 8GB, na kawo gida injin ya ce 4GB. Da na ɗaga gefen takardar da farce sai ga ragowar gam na tsohuwa a ƙasa. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin ram sai an gwada a gabana.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu da kanmu. Mutum zai je Kantin Kwari ya ja shadda, ya murza, ya kai ta haske, ya yi rabin awa yana ciniki. Amma a miƙo masa ram a cikin leda, ba kwali ba rasit, sai ya jefa aljihu ya hau Adaidaita. Araha ba ta ado, mun sani, amma mun bar karin maganar a kasuwar tufafi. Ku ɗauki kan kwamfutar ku je da shi shagon, nauyinsa bai kai buhun shinkafa ba. A sa a gabanku, a kunna. Ku buɗe manhajar CPU-Z, kyauta ce, ku shiga SPD, za ta faɗi girman kowane ram da kamfanin da ya ƙera shi. In abin da ta nuna ya saɓa da takarda, ku ajiye musu kayansu. Ku nemi rasit da sharaɗin kwana biyu ko uku, don wani ram yana tashi lafiya, sai an yi awa biyu ana aiki allo ya koma shuɗi, kwamfutar ta tsaya. A cikin kwanakin nan ku bar manhajar gwajin ram ta MemTest86 ta kwana tana gwada shi, in da wuta ko sola. Ram na hannu ba laifi ba ne, yawancin Samsung da SK Hynix da Micron da ake cirowa daga kwamfutocin ofis suna da ƙarko. Wanda ba a gwada ba nake tsoro.

Kai kuma ƙanena, koma da shi, ka nuna masa harafin R ɗin a gaban maƙwabtansa, ka nemi musaya da mai U. In ya ƙi, ka kai ƙara wurin shugabannin kasuwar.

*Malam, na sa wa kwamfutar Babanmu ram ba da saninsa ba. Yanzu sai ƙara take yi, allo baƙi ƙirin. Na ƙona ta ne? Ko barci ban yi ba.*

Kwantar da hankalinki, 'yata. Wannan ƙarar alama ce injin yana da rai, ram ne bai zauna ba. Cire wayar wuta daga bango, ki danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ki sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da ko ƙofar mota ka taɓa sai ta ja ka. Buɗe 'yan maƙalan da ke gefen gurbin, ki ciro ram ɗin ki riƙe shi ta gefe, kada ki taɓa haƙoran nan masu ruwan zinare. Hure ƙurar gurbin, daidaita giɓin, ki danna da manyan yatsu biyu har ki ji ƙas, maƙalan sun rufe da kansu. Yana son ƙarfi fiye da yadda kike zato. In ta ƙi, cire sabon ki bar tsohon shi kaɗai a gurbinsa na da, za ta tashi insha Allahu. Sannan ki faɗa wa Baba da bakinki, kafin ƙannenki su riga ki.

*An ce akwai manhajar da ake saukewa ta ƙara ram kyauta.*

Babu. Ram abu ne da ake riƙewa a hannu. Wanda ya turo maka wannan a WhatsApp, ƙwayar cuta yake neman sa wa kwamfutarka, kada ka danna.