Batir ya zubar da ruwa a Game Boy Color: a haɗe fis da dalma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tsinci Game Boy Color ɗin marigayi yayana, wato 'yar na'urar wasan gem ta hannu ta kamfanin Nintendo, a cikin akwati, batura biyu sun shekara da shekaru a ciki. Wani farin gari ya daskare a kan ƙarafen, na sa sabbin batura amma ko fitila ba ta kawo ba. Wani mai gyara ya ce fis ne ya ƙone, zai haɗe wurin da dalma ya gwada ta da cajar waya. Hankalina bai kwanta ba, don ba ni da wani abin tunawa da shi sai wannan. In bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka. Kada ka bar shi, ɗan'uwa. Karɓo kayanka tukuna.

Farin garin da ka gani ruwan batirin alkalin ne da ya bushe. Sinadari ne mai cin fata, dangin sodar da ake yin sabulu da ita, saboda haka sa safar hannu, kuma kada ka hura shi da baki ya faɗa maka ido. Yawanci na'urar da ta mutu ta wannan hanya lafiyarta lau, wuta ce kawai ba ta samun hanyar wucewa.

Sukurori shida ne a bayanta, biyu suna cikin gidan batir, kuma masu tsaga uku a kai ne irin na Nintendo. Nemi sukurudireban da ya dace da su, don in ka tilasta da na gama-gari kan zai cinye. Ƙarafen da ke jikin murfin baya ana zare su. Jiƙa su cikin farin ruwan khal kamar minti goma, za ka ga yana kumfa. Waɗanda ke manne a fanel kuwa, wato allon da kayan wutar na'urar ke kai, da tsinken auduga za ka bi su, ba tare da ruwan ya gangara ƙarƙashin wasu kayan ba. Daga nan sai sifirit na isofurofil, mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ya wanke tsamin, a bari ya bushe sarai. Ban da bekin soda: ita ta batirin mota ce mai asid, a nan ba abin da za ta kashe. Ban da fetur ko tina, suna cin robar jikin. In za ka ɗaga fanel, kwance sukurori ukun da ke riƙe da shi, ka tura 'yan maƙallan nan biyu na lallausar wayar sikirin kafin ka ja ta.

Bayan ƙarafe, makunni ne babban abin zargi. Ɗiga masa sifirit, ka yi ta kai da kawowa da shi sau talatin ko fiye, sannan ka auna da mita, wato na'urar auna wuta ta masu gyara. A kunne, ya kamata ya nuna kusan om ɗaya (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) ko ƙasa da haka, kuma lambar ta tsaya cak. In tana rawa, sai an cire murfin ƙarfensa da ƙarfen narka dalma a goge cikin. A kula da ɗan ƙarfen da ke zamewa a ciki, tsalle yake yi ya ɓace. Ramin adafta ma yana da ɗan makunninsa da ke yanke batir idan an soka waya. In tsatsa ta kama shi, na'urar za ta yi gum da sabbin batura a cikinta.

Yanzu maganar fis, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Wannan mummunar ɗabi'a ta zama ruwan dare: abu ya ƙi kamawa, ba a auna ba, ba a duba ba, sai a ce fis ne, a ɗiga dalma a kai. Tambayi mai gyaran nan ko ya ɗora mita a kansa. Fis biyu ne a fanel ɗin, an rubuta F1 da F2 kusa da su, can ƙasa wajen ramin adafta. Gwajin bai kai minti ɗaya ba: cire batura, sa mita a wurin da take yin ƙara idan wuta na wucewa, taɓa gefe da gefe. In ta yi ƙara, fis lafiya yake, zance ya ƙare. Goge bakinsa da sifirit kafin ka yanke hukunci, domin datti yakan sa lafiyayyen fis ya yi shiru.

To a ce ma ya ƙone ɗin. Fis ba ya ƙonewa haka siddan. Wuta ce ta wuce kima, shi kuma ya yanke ta kafin ta isa inda za ta yi ɓarna. Wanda ya haɗe shi da dalma bai gyara komai ba, mai gadi ya kora alhali ɓarawo na cikin gida. Abin da ya ƙona shi yana nan: ko ruwan batir ya haɗa layuka biyu, ko wata kafasita (ɗan abin da ke tara wuta a fanel) ta haɗe a ciki, ko an taɓa soka adaftar da ba tata ba. Batirin AA da ake rainawa, in wuta ta haɗe, yana iya turo amfiya da yawa, masu caji ma sun fi. Wannan wutar za ta bi siraran layukan tagulla ta gasa su, ta kai ga ɗan fanel ɗin da ke ɗaga bolt 3 zuwa bolt 5, batura su yi zafi har roba ta narke a hannun yaro. In ɓarnar ta kai ga ƙwaƙwalwar na'urar, ba a shago za a sayo sabuwa ba. Na'urar ta fito ne a 1998, an daina ƙera ta tuntuni, sai dai a kashe wata a ciro.

Abin da ke rufe wa masu wannan aiki asiri shi ne wani lokaci na'urar takan tashi bayan an haɗe fis ɗin. Mai kaya ya biya, ya tafi yana godiya, bai san an cire masa kariya ba. Ranar da aka juya batir ko aka soka wata waya, sai ta mutu gaba ɗaya, a ce ai dama tsohuwa ce. Wannan cin amana ne, ko da jahilci ya jawo shi. Cajar waya kuma bolt 5 take bayarwa, ita kuwa bolt 3 aka gina mashigarta a kai. A cire fis sannan a ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta, me ake jira ya faru?

In fis ya mutu da gaske, a fara neman dalili. Ba batura, makunni a kunne, a auna tsakanin ƙafar wuta (+) da ta ƙasa (-) daga bayan fis ɗin. Lambar da ta fara ƙasa tana hawa alama ce mai kyau, kafasitoci ne ke cika. Wadda ta lafe kusa da sifili tana nufin akwai inda wuta ta haɗe. A bi fanel da madubin ƙara girma, a nemi kore-kore ko layin da ya yi baƙi, a wanke, a sake aunawa. Sai lambar ta gyaru za a sa sabon fis mai ƙarfi ɗaya da na asali, da ƙarfen dalma mai siririn baki a zafin digiri 330 na Salsiyas ko kusa da haka, daƙiƙa biyu zuwa uku a kowane gefe.

Gwajin farko a yi shi da batura biyu na alkalin, ba kaset ɗin wasa a ciki, yatsa a kan baturan. Ka ji ɗumi, kashe nan take. In fitila ta kawo, tambarin ya bayyana, ƙarar kunnawa ta fito, sai a sa kaset. Duk mai gyaran da za ka kai wa, ka ce ya auna F1 da F2 a gabanka kafin ya kunna ƙarfen dalmarsa.