Me biba ta yi ake son ganin bayanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook wai Ajantina da Chile sun haɗa kai suna kashe wata dabba mai suna biba har sai sun ƙarar da ita, abin ya tsaya min a rai gaskiya. Dabbar da ba ta cin kowa me ta yi musu? Wannan ba zalunci ba ne? Maryam, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama Maryam. Ni ma abin yana taɓa ni, don biba ba ita ta kai kanta can ba, mutane ne suka kai ta.

Kamar gafiya take amma ta fi ta girma nesa ba kusa ba, wutsiyarta faffaɗa, haƙoran gabanta ruwan lemo, da su take sare bishiya ta datse rafi ta yi dam. Asalinta Kanada da Amurka, can akwai kyarkeci mai rage ta, kuma da yawa daga itatuwan can ko ta sare su sai su sake toho daga kututture.

To a 1946 gwamnatin Ajantina ta ɗauko 'yan kaɗan daga Kanada ta saki a tsibirin Tierra del Fuego da ke can ƙarshen kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, wajen tafkin Fagnano, wai don a riƙa cinikin fatarta. Kasuwar ba ta kai ko'ina ba, dabba kuma ta samu wuri babu mai cin ta, ta yi ta haihuwa har ta kai dubbai. Kin ga bishiyar lenga da ta cika dajin wurin in an sare ta ba ta sake toho, wadda ba a sare ba kuma ruwan dam ya kwanta a gindinta saiwar ta ruɓe, in kika ga hotunan sai jikinki ya yi sanyi wallahi, bishiyoyi a tsaye fari fat kamar ƙashi babu ganye ko ɗaya, daji ne da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma.

Dalilin haɗa kan kuwa, tsibirin rabe yake tsakanin ƙasashen biyu, ita kuma biba ba ruwanta da boda. Da ninƙaya ta tsallake mashigar teku ta Beagle zuwa tsibirin Navarino na Chile, a shekarun 1990 aka gan ta a babban yankin ƙasar Chile ma, ba a tsibirai kaɗai ba. In ƙasa ɗaya ta share nata ɗayar ta bari, to aikin banza aka yi, za su dawo. Shi ya sa a 2008 suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da ita tare.

An taɓa gwada biyan mafarauta kuɗi kan kowace wutsiya, sai suka tsaya a wuraren da mota ke shiga, na cikin lungu suka ci gaba da hayayyafa.

Ni dai ina goyon bayan a kawar da su daga can Malama, amma da tarkon da ke kashewa nan take ba wanda zai bar dabba tana wahala ba, kuma a koma a riƙa duba rafukan da aka share, don mace da namiji ɗaya in suka tsira sun isa su sake cika wurin.